Muryar Da Jiddah Ke Jira

Shafi na 23

Salama gare ku. Masu turo saƙo cewa na bar su tsaye a filin masallaci, ku yi haƙuri, gyaran takardun yara ne ya riƙe ni. Mu koma can.

*

"Sake ƙirga su," in ji Malam Ilyas, shugaban makarantar.

Malama Fatiha ta sake bin layin 'yan ajinta tana taɓa kan kowa. Ta kai ƙarshe, ta dawo.

"Saura ɗaya, Monsieur le Directeur. Babu Jiddah."

Atisaye ne kawai ake yi ranar Litinin ɗin nan, babu wuta babu hayaƙi. Tun da gobara ta cinye shagunan teloli a ƙasan layi Malama Fatiha ta hana Malam Ilyas sakat, har ya yarda aka gayyato 'yan sanda su koya wa yara yadda ake fita idan wani abu ya faru. Makarantar ƙofa ɗaya gare ta. Tana can cikin wani lungu na unguwar Briqueterie a Yawunde, wanda ko baro sai an karkata shi, kuma bangonta ɗaya da rumfar Habu mai shayi, inda tukunyar gas ke zaune tun safe.

Dokar mai sauƙi ce. In usur ya yi ƙara, a bar jaka, a bar takalmi, a kama layi, a fito filin masallaci.

Kowa ya fito ban da ita.

Sufeto Alim, mutumin Garwa ne mai sanyin magana, Hausarsa da ɗanɗanon Fulatanci. Ya koma ciki da yaransa biyu suna leƙa ƙarƙashin benci.

"Jiddah, fito. Mu ne polis, taimako muka zo."

Shiru.

Aka duba banɗaki, aka duba ofis, aka duba bayan allo.

Habu ya leƙo ta kan katanga, ludayi a hannu.

"Shef, in kana so ta fito, cire hular nan. A unguwar nan ko akuya ta hango kaki sai ta lalubi katinta."

Wasu suka yi dariya. Malama Fatiha ba ta yi ba.

Aka aika gida. Salamatu, uwar yarinyar, ta iso da ƙullin cincin a yatsunta. Ba ta gaida kowa ba. Ta tsaya tsakiyar makarantar, ta yi magana a hankali kamar mai tashin jariri.

"Auta, ni ce. Fito."

Murfin shuɗin duron alwala ya motsa.

An ɗauke ruwa tun jiya, shi ya sa babu komai a ciki. Yarinyar ta miƙe sharkaf da gumi, bakin hijabinta cushe a bakinta don kada a ji numfashinta. Sufeto Alim ya wuce ta gefen duron nan yana kiranta ya fi sau nawa.

Ya dubi uwar. Ya ji Hausarta, ya san daga tsallaken iyaka ta fito.

"Madame, carte de séjour? Katin izinin zama?"

Salamatu ta sunkuyar da kai.

Ya yi ajiyar zuciya. "Ba yau ba. Ki zo ofis ranar Alhamis da safe, ki ce Alim kike nema. Mu ga yadda za a gyara."

Ta ja hannun 'yarta suka tafi.

*

Bayan la'asar Malama Fatiha ta yi sallama a ɗakin da suke haya a bakin unguwar Ekoudou. Ɗaki ɗaya ne, an raba shi da labule. Mijin yana Duwala wajen aiki.

"Sannu da gida, Maman Jiddah."

"Sannu, Malama. Ga tabarma."

Aka kawo ruwa da cincin a faranti. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Malama Fatiha ba ta taɓa faranti ba.

"Ba faɗa ya kawo ni ba."

"Na sani."

"Yarinyar nan ba ta taɓa yi mini gardama ba. Ko biro ta tsinta sai ta kawo mini. Amma yau na kira ta har muryata ta dishe. Tana jina."

"Tana jinki."

"To me ya hana ta?"

"Ni."

Malama Fatiha ta gyara zama.

"Maman Jiddah, da yau wuta ce ta gaske..."

"Ki daina kirana haka."

"Na'am?"

"A nan ne na zama Maman Jiddah. A garinmu ba da ita ake kirana ba."

Malama Fatiha ta dubi labulen. Ƙafafun yarinyar na leƙowa ta ƙasansa, ba sa motsi.

"Tana da yaya?"

Salamatu ta ɗauki tsumma tana goge tiren da babu komai a kansa.

"Abin da kuka yi yau, an yi mana shi. Ba ku kuka fara ba."

"A ƙauyenku?"

"A ƙauyenmu. Lokacin da aka fara ɗiban mutane a hanya, hedimasta ya hau babur ya tafi har ƙaramar hukuma, ya roƙo 'yan sanda. Suka zo su uku. Mutanen kirki. Har fura muka dama musu. Suka koya wa yara, in kun ji usur ku fito ku yi layi a gindin tsamiya, kada kowa ya ruga daji, ku jira jami'ai. Aka rubuta lambarsu a bangon aji da gawayi, manya-manya."

Ta yi ɗan murmushin da ba na daɗi ba.

"Garin da sai ka hau dutse waya ke kamawa."

"Sai me ya faru?"

"Duk Laraba suna gwadawa. Har gasa suke yi, ajin da ya riga fita a ba shi alawa. Yayarta ce monita. Ita ke tsayawa gaba tana cewa ku miƙe layi, ku miƙe layi. A gida ma haka take jera mini ƙannen maƙwabta."

Salamatu ta ci gaba, idonta a kan tire.

"Wata rana da hantsi wasu suka zo. Da kaki, da hula, da usur a wuya. Suka ce ɓarayi na hanya, mun zo mu fitar da ku. Suka busa."

Ta ajiye tsumman.

"Ba su sha wahalar tattara su ba, Malama. Mun riga mun koya musu layi."

Daga waje wani mai babur ya wuce yana danna oda.

"Wannan fa?" Malama Fatiha ta nuna labule da ido.

"Ba a ma sa ta makaranta ba lokacin. Bin yayarta take yi. Ba ta san doka ba, ba ta san layi ba. Ta ga baƙi ta tsorata, ta shige randar ruwan sha. Rashin jin maganarta ne ya bar mini ita."

"'Yan sandan gaske ba su zo ba?"

"Sun zo da yamma. Babur ɗaya gare su, sai da aka haɗa musu mai. Suka duba sawun tayoyi, suka yi rubutu. Ɗayansu yana cikin waɗanda suka sha furarmu. Ya kasa kallona. Ni ban ga laifinsa ba, shi ma ɗan wani ne."

"Har yau babu labari?"

"Wasu sun dawo. Ita ba ta cikinsu."

Malama Fatiha ta share idonta da gefen gyale.

"Allah ya bayyana ta. Ya sunanta, in riƙa sa ta a addu'a?"

Salamatu ta kau da kai ta dubi bango.

Nan take Malama Fatiha ta gane kuskurenta. 'Yar fari ce. Kakar ita Malama Fatiha ma haka ta mutu ba ta taɓa faɗin sunan babanta ba, sai dai "wannan yaron".

Ƙaramar murya ta fito daga bayan labule.

"Yaya Jannatu."

"Na gode, Jiddah."

Salamatu ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba. Ke, zo nan. Ke, ɗauko. Mu haka muka taso, kunya ce. Ranar na tsaya a bakin daji na kira sunan nan har jini ya fito mini a maƙogwaro. Mata suna riƙe ni. Daga baya na zauna na yi tunani. Ko ta ji, ta yaya za ta san ni ce? Ba ta taɓa jinsa a bakina ba."

Ta juya wajen labulen.

"Shi ya sa na sa wannan ta yi mini alkawari. Auta, faɗa wa Malama."

Yarinyar ta karanto kamar hadda.

"In na ji usur in ɓuya. In mai kaki ya kira ni kada in amsa. In malami ya kira ni kada in amsa. In an taɓa ganina a wuri kada in koma wurin. Sai na ji muryar Umma."

"To kin ji," in ji Salamatu.

Malama Fatiha ta matso kusa, ta sassauta murya.

"Yaya Salamatu, ki saurare ni. Abin da ya same ku, ba ni da bakin da zan ce komai a kansa. Amma nan Yawunde ne. Babu daji a bayan makarantarmu. Abin da ke bayanta tukunyar gas ce. Wuta ba ta sa kaki, ba ta kiran suna. Yaron da ya ɓuya shi take fara samu."

"Allah ya kiyaye."

"Amin. Amma ki ƙara muryata a kan taki. Ni kaɗai. Ki ce mata in ta ji ni, ta fito."

"A'a."

"Ba ki yarda da ni ba?"

"Na yarda da ke. Malamin da ya jera su ma na yarda da shi. Mutumin kirki ne kamar ki, yana saya musu alli da kuɗinsa. Shi ya kira waɗanda suka maƙale a aji, ɗaya bayan ɗaya, da sunansu. Bindiga ce a bayansa. Da shi aka tafi."

"Ni ba zan..."

"Za ki kira, Malama. Kina da naki 'ya'yan a gida. Ba zan zarge ki ba."

Salamatu ta dafa ƙirjinta.

"Mutum ɗaya na sani a duniya da ko an ɗora masa bindiga a ka ba zai kira ta ba. Ni ce."

Man suya ya huce a kasko.

"Alhamis fa?" Malama Fatiha ta tambaya.

"Ba za ni ba. Akwai ƙanwar baban Auta a unguwar Nkomkana, can za mu koma. Makarantar ma ta isa haka."

"Kada ki yi haka. In kin gudu, kin zama wadda ake nema. Alim ba mugu ba ne, shi ya yi ta zirga-zirga har aka ba mu ranar atisayen nan, ko kuɗin taksi bai karɓa ba. Ki je ki gaya masa abin da kika gaya mini. Akwai takardar da ake yi wa irinku."

"Su waye irinmu?"

"Waɗanda ba da son ransu suka baro gida ba."

Salamatu ta dubi labule.

"Ita fa?"

"Ki kawo mini ita da safe. A gefen teburina za ta zauna, ba zan ɗauke ido a kanta ba. In kin shiga ofis ki kashe waya, ba sa son ƙararta."

"In na je na dawo lafiya," in ji Salamatu a hankali, "zan yi tunanin maganar muryar."

Malama Fatiha ta ɗauki cincin ɗaya ta ci, don kada a ce ta ƙi.

*

Ranar Alhamis Jiddah ta zauna a gefen tebur kamar yadda aka yi alkawari. Ana cikin darasin lissafi, yara na maimaitawa da Faransanci, sai aka ji wani abu ya fashe a bayan bango, har alli ya faɗo daga bakin allo.

Sai muryar Habu, ba irin ta wasa ba.

"Wuta! Ku fitar da yara!"

Baƙin hayaƙi ya fara shigowa ta ramukan iska. Usur ɗin Malam Ilyas ya ɗauka.

Yaran suka miƙe. Babu wanda ya taɓa jaka. Suka kama layi tsaf kamar ranar Litinin, har abin ya ba Malama Fatiha tsoro. Ta damƙe hannun Jiddah.

"Kina tare da ni. Kada ki saki."

Hannun sanyi ƙalau.

A bakin ƙofa ajujuwa suka haɗu, wurin ya cushe. Wata 'yar ajin ƙanana ta yi tuntuɓe ta kife a kan dakali, na baya na tahowa. Malama Fatiha ta sunkuya ta cafe ta da hannu biyu.

Da hannu biyu.

Ta ɗago ta miƙa ta ga wani malami, ta waiwaya. Hijabai farare ne ko'ina, duk iri ɗaya, suna kwarara cikin lungu. Ta gaya wa kanta Jiddah na cikinsu.

A filin masallaci ta bi layi tana taɓa kawuna. Ta kai ƙarshe. Ba ta sake ƙirgawa ba.

Ta juya da gudu.

"Madame Fatiha, dawo," Malam Ilyas ke kira. "Na kira cent dix-huit, 'yan kwana-kwana suna hanya."

Sun ma iso. Jar motar 'yan kwana-kwana na tsaye a bakin titi, lungun ya ƙi ta. Suna ta jan mesa tsakanin teburan masu nama, mesar ba ta kai ba. Samarin unguwa sun fito da bokitai, famfo kuma babu ko ɗigo. Habu na zaune a ƙasa, hannunsa a saɓule, yana cewa a duba yara, a duba yara.

Ta kutsa ta shiga makarantar. Wutar ta kama silin ɗin ajinta, ta fara lasar na kusa da shi.

Duron alwala ta nufa. Ta fizge murfin.

Babu kowa.

In an taɓa ganina a wuri kada in koma wurin.

"Jiddah. Ni ce, Malama. Wuta ce ta gaske, 'yata. Fito."

Ƙarar kwano kawai, yana lanƙwashewa.

Wani ɗan kwana-kwana ya shigo da hular ƙarfe, ya kama kafaɗarta.

"Madame, sortez, ki fita. Akwai yaro a ciki?"

"Ɗaya."

"Ina?"

"Ban sani ba."

Ya fara buga ƙofofi yana ƙwala kira da babbar murya. Ta riƙe hannun rigarsa.

"Don Allah ka daina kiranta. In ta ji ka ba za ta fito ba."

Ya dube ta kamar mahaukaciya.

Ta laluba wayarta. Lambar Salamatu. Wata mata ta amsa da Faransanci cewa wayar a kashe take.

Ita da kanta ta ce wa Salamatu ta kashe.

Ta nemo lambar Sufeto Alim. Ta yi ƙara har ta kusa tsinkewa.

"Allô, Madame Fatiha?"

"Shef, matar nan tana wurinka?"

"Ga ta a gabana, yanzu muka fara..."

"Makaranta ta kama wuta. Yarinyar ta ɓuya. Muryar uwarta kawai za ta fito da ita. Ba ta wayar."

Ta ji kujera ta faɗi a can. Ta ji muryarsa ta canza, ta koma ta aiki.

"Madame, karɓi. Kira 'yarki ta fito. Yanzu. Kira ta."

Malama Fatiha ta buɗe muryar wayar har ƙarshe, ta ɗaga ta sama, ta taka zuwa tsakiyar makarantar inda Salamatu ta tsaya ranar Litinin. Hayaƙi ya cika mata ido.

"Yaya Salamatu, na buɗe. Duk inda take za ta ji ki. Yi magana."

Numfashi kawai ke fitowa daga wayar.

"Wallahi wuta ce. Ba atisaye ba ne. Ki ce Auta, ni ce. Shi ke nan."

A can bayanta ana jin takun takalma masu nauyi, da rediyon 'yan sanda, da Alim yana cewa yi sauri, Madame, yi sauri.

"Malama." Muryar Salamatu ta fito a kwance, babu rawa a cikinta. "Ke kika ce in zo nan. Ke kika ce in kashe waya. Yanzu ɗan sanda ya ba ni tasa, yana tsaye a kaina, ya ce in kira ta."

"Ba haka ba ne. Na rantse miki da Allah."

"Shi ma malaminmu ya rantse musu."

Wani katako ya rufto a cikin ajin, tartsatsi ya watso har tsakar gida. Ɗan kwana-kwanan ya riƙo Malama Fatiha ta baya yana daka mata tsawa ta fita.

Salamatu ta ji tsawar.

"Malama," ta ce, "wa ke tsaye a bayanki?"